Karatu da rubutu a faifan CD da DVD: me ya sa laburare ɗaya ba ya isar Linux da Windows da macOS

Mai rubuta manhajar da za ta taɓa faifan CD ko DVD yakan fara da tambaya ɗaya: wane laburare, wato tarin lambobin manhaja da wasu suka riga suka rubuta, zan ɗauka da zai yi mini aiki a Linux, ya yi a Windows, ya kuma yi a macOS? Gara a ba shi amsa tun da wuri. In karatu ne kawai, akwai. In har da rubutu a faifan, babu guda ɗaya da zai ɗauke maka nauyin duka ukun ba tare da ka sa hannu ka yi faci ba. Abin da ya kamata a gane shi ne inda bambancin yake, domin wanda ya san wurin, aikin ba ya fin ƙarfinsa.

Ita na'urar faifan harshe ɗaya take ji a ko'ina. Sunansa MMC, wani reshe ne na umarnan SCSI da kwamitin T10 ya tsara. Na'urar da ke cikin kwamfuta a kan wayar SATA tana karɓar waɗannan umarnai a cikin ƙunshin ATAPI, wadda ake jonawa ta USB ita ma su take karɓa a cikin nata ƙunshin. Ka aika INQUIRY, mai lamba 12h (harafin h yana nuna lambar heksadesimal ce), ta amsa maka da nau'i 05h, ka san na'urar faifai ce. Ka aika GET CONFIGURATION, wato 46h, ta gaya maka irin faifan da ke cikinta: 0009h CD-R ne, 000Ah CD-RW, 0011h DVD-R, 001Ah DVD+RW, 001Bh DVD+R, 0041h BD-R, 0043h BD-RE (BD shi ne faifan Blu-ray). Wannan lambar ce abin dogaro, ba rubutun da ke jikin kwali ba, kuma ba abin da mai amfani ya zaɓa a manhajarka ba. DVD-RW ma lamba biyu gare shi, 0013h in an tsara shi don a riƙa rubutu a kan rubutu, 0014h in yana yanayin rubutu a jere, kuma yadda ake bi da kowanne daban ne ko da yake faifan ɗaya ne.

Ƙofar da umarnin zai bi

Abin da ya bambanta shi ne ƙofar da za ka miƙa wa na'urar umarnin, da mai gadin da ke tsaye a bakinta.

A Linux za ka buɗe /dev/sr0, ka cika tsarin sg_io_hdr da umarnin da wurin ajiye amsa da wurin ajiye bayanin kuskure, ka miƙa ta hanyar SG_IO. Ka buɗe da O_NONBLOCK, in ba haka ba buɗewar kanta za ta gaza idan babu faifai a ciki. Tun kanel (wato zuciyar Linux) 2.6.8 na shekarar 2004 akwai matata a wannan ƙofa: wanda ya buɗe don karatu kawai ba a barin umarnan rubutu su wuce masa, umarnin da matatar ba ta sani ba kuwa sai mai ikon CAP_SYS_RAWIO. Don haka in ka ga EPERM, kada ka tuhumi na'urar, umarnin bai ma isa gare ta ba. Ka buɗe da O_RDWR, ka kuma duba ko mai amfanin yana da izini a kan fayil ɗin na'urar, ko ta rukunin cdrom ko ta izinin da ake ba wanda ke zaune a gaban kwamfutar.

A Windows sunan ƙofar SPTI. Za ka buɗe \\.\D: da CreateFile, ka nemi izinin karatu da na rubutu tare, ko da karatu kawai za ka yi, sannan ka aika IOCTL_SCSI_PASS_THROUGH_DIRECT ta DeviceIoControl. Tsofaffin manhajoji suna neman wnaspi32.dll, wato ASPI na kamfanin Adaptec da ya zo da Windows 95 da 98. Zuriyar Windows NT ba ta zo da shi ba, kuma babu dalilin gina sabon aiki a kansa yau. Kafin ka aika komai mai girma, ka tambayi IOCTL_STORAGE_QUERY_PROPERTY abu biyu: mafi girman abin da za a iya turawa a lokaci guda, da yadda ake so adireshin ma'ajiyarka ya daidaita. Wanda ya tsallake wannan yakan ga manhajarsa tana aiki a kwamfuta ɗaya tana ƙi a wata, ya rasa dalili.

macOS ta fi su tsauri. Ta IOKit ake shiga. Akwai 'yan umarnai da MMCDeviceInterface ke bari ka aika a kowane lokaci, irin su tambayar jerin abin da ke faifan da tambayar yanayinsa. Amma kafin ka aika umarnin da ka ga dama, sai ka karɓi na'urar gaba ɗaya da ObtainExclusiveAccess, wannan kuwa ba zai yiwu ba matuƙar faifan yana ɗaure a tsarin fayiloli. Sai ka fara sauke shi ta DiskArbitration. FreeBSD tana amfani da CAM, ta /dev/cd0 da /dev/pass0. NetBSD da OpenBSD suna da SCIOCCOMMAND, Solaris da zuriyarta suna da USCSICMD.

Ga wani tarko ƙarami da ke kama mutane da yawa. Kowace ƙofa tana neman wa'adin da za a jira umarni, amma ma'aunin ba ɗaya ba ne. SG_IO da CAM da kason dubu na daƙiƙa suke ƙirgawa, SPTI da USCSICMD da cikakkiyar daƙiƙa. Lambar 30000 a Linux rabin minti ce, a Windows ta haura awa takwas. In kuma ka kwaso 30 daga Windows ka kawo Linux, kanel zai katse dogon umarni tun bai yi nisa ba, ya farfaɗo da na'urar da ƙarfi, faifan da ake cikin rubutawa ya lalace. Tarko na biyu, duk lambobin da ke cikin umarnan MMC babban bayit ne a gaba, akasin yadda yawancin kwamfutocinmu ke ajiye lamba, don haka kowane adireshi sai an juya shi.

Ɓangaren karatu

A nan libcdio na GNU, wanda Rocky Bernstein ya daɗe yana kula da shi, ya yi aikin da ya kamata. Yana da direbobi na Linux da Windows da macOS da FreeBSD da NetBSD da Solaris, kuma yana buɗe hoton faifai, wato kwafin faifai duka a cikin fayil, na BIN/CUE da NRG da TOC kamar faifai ne na gaske, abin da ke sauƙaƙa gwaji ƙwarai. Tare da shi akwai libiso9660 da libudf don karanta fayiloli ba tare da an ɗaura faifan ba.

Faifan bayanai ba shi da wahala: sekta ɗaya, wato ɗan yanki cikin yankunan da aka rarraba faifan, bayit 2048 ce, ka karanta kamar kowane fayil. Faifan sauti ne ke da aiki. Sektarsa bayit 2352 ce, guda 75 a kowace daƙiƙa, kuma READ(10) ba ya karanta ta, zai dawo maka da kuskuren 5/64/00 (da irin waɗannan lambobi uku na'ura ke bayyana kowane kuskure). Sai READ CD, mai lamba BEh. In ƙofar ba ta wuce KiB 64 ba, sekta 27 ce iyakarka a kowane umarni, bayit 63,504 ke nan. Fayilolin .cda da Windows ke nunawa ba sauti ba ne, bayit 44 ne kowanne, alama ce kawai ta inda waƙa ta fara. Wanda ya zaɓi IOCTL_CDROM_RAW_READ kuma ya kula: wurin farawa ana lissafa shi ne da lambar sekta sau 2048, duk da cewa 2352 za a karanto. Haka nan adireshin minti da daƙiƙa yana gaba da lambar sekta da 150, wato sekta ta sifili ita ce 00:02:00. Mantawa da wannan 150 ɗin shi ke sa kowace waƙa ta fara da gutsuren wata.

Sektar sauti ba ta da ƙarin matakin gyaran kuskure irin na sektar bayanai, don haka na'ura na iya cike gurbin da ta kasa karantawa da kintace, ta miƙo maka ba tare da ta ce uffan ba. Wannan ne ya sa aka yi cdparanoia, da ɗan'uwansa libcdio-paranoia da ke aiki a sauran tsare-tsaren: suna karanta wuri ɗaya fiye da sau ɗaya, su haɗa bakin karatun da juna, su gwada. Kowace samfurin na'ura kuma tana da ɗan gocewarta na dindindin, wata +6, wata +30, wata +667, kuma sai an gyara shi kafin kwafi biyu daga na'urori biyu su zo daidai bayit da bayit.

Akwai wani nau'in da ya shafe mu kai tsaye. Finafinan Hausa da wa'azozi da karatuttukan malamai masu yawa a faifan VCD aka sayar da su, kuma da yawansu babu wani kwafi sai wanda ke cikin akwatin wani a gida. Wanda ya buɗe irin wannan faifan zai ga folda MPEGAV da fayil AVSEQ01.DAT a ciki, ya ɗauka kwafa kawai zai yi. Bidiyon ba a sekta mai 2048 yake ba. Yana waƙa ta biyu zuwa sama (waƙa a nan tana nufin track, wato sashen faifai, ko sauti ne a ciki ko bayani), a tsarin Mode 2 Form 2, inda kowace sekta ke ɗauke da bayit 2324 na bayani, an sadaukar da gyaran kuskure don a sami wuri. Windows tana kwafe shi, amma sai ta lulluɓe shi da kan RIFF nau'in CDXA, don haka abin da ka samu ba tsantsar MPEG ba ne. A Linux kuwa cp yakan tsaya da kuskuren karatu ko ya ba ka fayil mai ramuka. Haka ma dd, hoton ISO da zai fitar ba ya ɗauke da fim ɗin. Hanyar da ta dace ita ce vcdxrip na kunshin vcdimager, wanda ke fitar da MPEG ɗin kai tsaye, ko cdrdao read-cd da zai ba ka BIN da TOC na faifan duka. In da hannunka kake rubutawa, ka karanta cikakkiyar sekta 2352 da READ CD, ka zubar da bayit 24 na farko da 4 na ƙarshe. Mai son ceto tsofaffin faya-fayai ya tabbatar da wannan kafin ya zubar da na asali, domin kuskuren ba ya bayyana sai ranar da aka zo kallo.

Faifan bayanai da ya karce kuwa, ddrescue -b 2048 /dev/sr0 hoto.iso taswira.map ya fi dd nesa, domin yana tsallake wurin da ya ƙi, ya dawo masa daga baya, kuma fayil ɗin taswirar yana ba ka damar ci gaba da wata na'urar daban. Sau da yawa abin da na'ura ɗaya ta kasa, wata takan karanta. DVD na bidiyo yana da nasa dangin laburare, libdvdread da libdvdnav, kuma in ka ga 5/6F/03 to sektar a kulle take da CSS, tsarin hana kwafa na DVD, ba lalacewa ta yi ba.

Ɓangaren rubutu

A Linux da BSD da Solaris, shawarata ita ce dangin libburnia: libburn mai magana da na'ura, libisofs mai gina hoton ISO 9660 (tsarin fayilolin faifai), libisoburn mai haɗa su, da manhajar xorriso a samansu, waɗanda Thomas Schmitt ke kula da su. Sun san CD da DVD da BD duka, manhajar rubuta faifai ta Xfburn a kansu take, takwararta Brasero ma tana iya amfani da su. Sai dai a Windows da macOS libburn ba shi da ƙofarsa ta kansa zuwa na'ura. Zai gina maka hoto, ya rubuta shi a fayil, iyakarsa ke nan.

Wanda ya fi kowa yawan ƙofofi shi ne libscg na cdrtools, aikin Jörg Schilling, wanda ya rasu a 2021. Da shi cdrecord ke aiki a Windows ta Cygwin da macOS da Solaris da sauransu. Amma an gina shi ne don cdrecord, ba don a ɗauke shi a saka a wata manhaja cikin sauƙi ba. A 2006 aka mayar da wasu sassansa lasisin CDDL, Debian ta ware nata reshen mai suna cdrkit, inda wodim da genisoimage suka fito. Wannan reshen ya tsaya tun 2010, shi ma growisofs, mai rubuta DVD da BD, fitowarsa ta ƙarshe 2008 ce. Kan Linux da yawa in ka buga cdrecord, wodim ne ke amsawa, don haka manhajar da ke kiran su daga waje ta fara tambayar sigar kafin ta yarda da sunan. A DVD da BD ba na ba kowa shawarar wodim.

A Windows, IMAPI2 da ya zo da Vista shi ne hanya mafi sauƙi. IDiscMaster2 ya lissafo na'urori, IDiscRecorder2 ya kama ɗaya, IFileSystemImage ya gina hoton, IDiscFormat2Data ya rubuta. Abu biyu ke ba mutane wahala. Na farko, in ba ka kira ChooseImageDefaults da na'urar ba, hoton zai ɗauka girman CD gare shi, ya ƙi karɓar fayiloli alhali DVD ne a ciki. Na biyu, girman abin da za ka miƙa wa Write dole ya rabu daidai da 2048. A macOS akwai DiscRecording, da umarnan drutil da hdiutil burn ga wanda ke son kira daga waje.

Batun lasisi ma yana yanke hukunci. libcdio GPL na 3 ne, libburn GPL na 2 zuwa sama. Manhajar da ba a buɗe lambobinta ba ba za ta haɗa su a jikinta ba. Shi ya sa tsarin manhajar rubuta faifai ta K3b, na kiran manhajar rubutu a matsayin aiki na daban a riƙa karanta abin da take fitarwa, har yanzu tsari ne mai kyau.

In kuwa ka zaɓi gina naka, aikin ƙofa bai wuce ayyuka huɗu ba a kowane tsari: lissafo na'urori, buɗewa da kamewa, aika umarni a karɓo amsa da bayanin kuskure, saki. Duk sauran MMC ne, sau ɗaya za ka rubuta shi. Kamewar ce ba a wasa da ita. A Linux O_EXCL, a Windows kulle faifan da FSCTL_LOCK_VOLUME ko IOCTL_CDROM_EXCLUSIVE_ACCESS. Dalili shi ne akwai manhajojin bayan fage da ke leƙa na'urar don su ga ko an saka sabon faifai, kuma umarnin karatu ɗaya a tsakiyar rubutu ya isa ya ɓata CD-R. O_EXCL ɗin ma yana kare ka ne kawai daga masu mutunta shi.

Jerin aikin a CD-R ga shi: TEST UNIT READY har na'ura ta shirya, READ DISC INFORMATION don sanin ko faifan sabo ne ko ana iya ƙari ko an rufe, MODE SELECT a shafi na 05h don zaɓar salon rubutu da kunna kariyar yankewar bayanai, READ TRACK INFORMATION don samun adireshin da za a fara, sannan WRITE(10) a jere, sai SYNCHRONIZE CACHE, sai CLOSE TRACK/SESSION. Adireshin farawa daga na'ura ake karɓarsa, ba a lissafa shi da ka, in ba haka ba 5/21/02 zai tare ka. DVD+R ba ya kula shafi na 05h. DVD+RW da BD-RE da DVD-RAM kuwa, da zarar an tsara su, ana rubuta su a kowane adireshi. A DVD ka riƙa turawa da KiB 32, wato sekta 16, girman rukunin gyaran kuskurensa, a BD KiB 64.

Ba kowane kuskure ne kuskure ba, kuma nan ne laburaren kirki ke bambanta da na gaggawa. 2/04/01 na nufin na'ura tana shiri, ka jira. 2/04/08 a tsakiyar rubutu na nufin ma'ajiyarta ta cika, ka ɗan dakata ka sake aika wannan umarnin dai. 6/28/00 sanarwa ce cewa an canja faifai, ka maimaita. Amma 2/3A/00 babu faifai ne, 3/0C/00 rubutu ya gaza, 3/73/03 kuwa na'ura ta kasa daidaita ƙarfin haskenta da faifan: ko faifan mara kyau ne, ko ƙura ta rufe idon na'urar, abin da ba baƙo ba ne a lokacin hunturu. Dogayen umarnai irin su BLANK da FORMAT UNIT da rufe zango (session, wato abin da aka rubuta a zama ɗaya), ka kunna musu alamar IMMED su dawo nan take, sannan ka riƙa tambaya da TEST UNIT READY. Goge CD-RW gaba ɗaya yana cin mintuna masu yawa, babu wa'adin da ya dace a jira shi da shi. Na'urar USB kuma da ke yankewa daidai lokacin da rubutu ya fara, yawanci wuta ce ba ta ishe ta ba: ramin USB 2.0 milliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuwa 900. Ka sa waya mai kai biyu ko ka canja rami kafin ka fara binciken lambobinka.

Saura abin da za a rubuta. ISO 9660 shi kaɗai yana taƙaita sunaye, don haka ake ƙara Rock Ridge saboda Linux da Joliet saboda Windows, shi kuma Joliet harafi 64 ne iyakarsa. Fayil da ya kai GiB 4 sai an sa -iso-level 3 ya rarraba shi, ko a koma UDF. Umarnin xorriso -as mkisofs -r -J -iso-level 3 -o hoto.iso folda ya wadatar ga yawancin aiki. Wurin da ke faifai ma a san shi da sekta: CD mai minti 80 kusan 360,000, DVD+R 2,295,104. Barin CD a buɗe don ƙari yana cin sekta 11,400 bayan zango na farko, 6,900 bayan kowane na gaba.

Kada a cire cikon KiB 300 da ake ƙarawa a ƙarshen hoto. CD da aka rubuta waƙa-waƙa yana ƙarewa da sekta biyu da ba sa karantuwa, Linux kuma tana karatu gaba da inda aka tambaye ta, sai ta yi karo da su, fayil na ƙarshe ya ba da kuskure alhali lafiyarsa ƙalau. Wannan ne ma ya sa tantancewa ke rikita mutane. Bayan rubutu ka fitar da faifan ka mayar, domin tsarin yana riƙe da tsohon girmansa. Sannan ka raba girman hoto.iso da 2048, ka ba dd wannan adadin a count tare da bs=2048, ka tura wa sha256sum, ka gwada da na hoton. In hoton ba ya hannunka, adadin sektocin yana rubuce a sekta ta 16, daga bayit na 80, kuma isosize -d 2048 zai karanto maka shi. Wanda ya gina faifan da -for_backup na xorriso kuwa, kowane fayil yana tafe da MD5 ɗinsa a cikin faifan, sai ya buɗe shi da wannan zaɓin ya kira -check_md5_r a kan tushen folda, ya ga sunan duk fayil ɗin da ya sauya.